Ƙayar Tekun Rayis

Tun da sassafe Khaulat take kicin a gidansu na unguwar Ƙurban a Madina, tana cika fulas da shayi mai na'ana'a, tana jera dabino da burodi a kwando. Yau mijinta Umair ya samu hutu daga kantin maganin da yake aiki, zai kai mahaifiyarsa Hajiya Rabi'a da ƙanwarsa Mimi ziyarar Badar, daga nan su ƙarasa Rayis, wani ɗan ƙauyen masunta a bakin teku. Daga Kano baƙin suka zo Umara, suka sauka a gidan.

Khaulat haifaffiyar Madina ce. Iyayenta Hausawa ne, tana jin Hausa tsaf, amma Larabci ya fi zama a bakinta. Ranar da baƙin suka iso ta durƙusa ta gaida surukarta da Hausarta mai tsalle-tsalle, sai Mimi ta tuntsire da dariya.

"Wayyo Yaya! Wannan wace irin Hausa ce? Sori fa, wallahi na kasa riƙewa!"

Daga ranar Khaulat ta ja bakinta ta tsuke, ba ta wuce "na'am" da "to". Hajiya kuwa, wadda dama can ba ta yi maraba da auren ba, ta ɗauka gaisuwa kaɗai yarinyar ta iya.

Sun fita daga gari kenan su huɗu, duwatsu baƙaƙe sun fara tsere ta taga, Hajiya ta gyara zama a gaban mota.

"Babana," haka take kiran Umair, don sunan mahaifinta ya ci, "ni ban ce yarinyar nan ba ta da kirki ba. Amma ina amfanin surukar da ba zan zauna mu yi hira ba? Jikokina su tashi ba su san su ce mini Kaka ba? Ka sallame ta salin-alin ka dawo gida, ƙwarya ta bi ƙwarya."

"Hajiya, tana fa ji..."

"Ta ji me? Wadda ko sannu sai ta yi tuntuɓe?"

Khaulat ta juyar da kai wajen taga, hawaye na bin cikin niƙabinta. Da Hajiya ta yi tari ma, ita ta tsiyayo shayi ta miƙa mata da hannu biyu.

A Badar suka tsaya jikin katangar maƙabartar shahidai. Hajiya ta ɗaga hannu tana addu'a tana kuka, Mimi ma ta ajiye wayarta ta ɗaga hannu. Suka yi nafila a Masallacin Arish. Kafin su koma mota Umair ya ja matarsa gefe, idonsa ya kaɗa.

"Ki yi haƙuri, Khaulat. Yanzun nan zan yi mata magana."

"A'a, wallahi," ta amsa da Larabci a hankali. "Uwa ce, kuma shekaru tana burin ganin wurin nan. Kar ka ɓata mata ziyara saboda ni."

"To ki sani babu inda za ki. Ke ce matata, duniya da lahira in Allah ya so."

Ta yi murmushi a bayan niƙabi, nauyin ƙirjinta ya ragu.

Kafin su shiga Rayis suka ratsa kufan Al-Jar, tsohuwar tashar jiragen ruwan Madina, inda yanzu sai tarkacen gini da yashi ya binne. Umair yana ta bayani, amma hankalin Hajiya ya tafi kan shuɗin ruwan da ya shimfiɗu har ƙarshen gani.

"Allahu Akbar! Duk wannan ruwa ne? Ni da ko dam ɗin Tiga ban taɓa zuwa ba!"

A Rayis iska mai ƙanshin gishiri ta tarbe su. Kwale-kwale na lilo a bakin gaɓa, masunta na warware koma. Umair ya tafi zaɓo kifin da za a soya musu, Mimi ta yi nisa tana ɗaukar selfi. Hajiya ta cire takalmi, ta tattare zani kamar yarinya, ta tsoma ƙafa tana dariya. Khaulat na biye da ita a baya, sai ta hango wasu baƙaƙen halittu masu ƙaya kamar bushiya, cunkus tsakanin duwatsu. Kafin ta buɗe baki Hajiya ta saki ƙara.

"Innalillahi! Ƙafata!"

"Hajiya, kar ki motsa! Akwai wasu a gabanki, ki dafa ni!"

Da Hausa ta faɗa, ba ta ma san ta fito ba. Ta faɗa ruwan da abayarta, ta tallabe surukarta har kan yashi. Ta roƙi ruwan ɗumi a wani gida da ke kusa, ta zaunar da Hajiya, ta ɗora ƙafar a cinyarta tana gasawa, tana zare ƙayoyin ɗaya bayan ɗaya.

"Sannu Hajiya. Saura kaɗan, ki yi haƙuri."

Hajiya ta daina nishi, ta zuba mata ido.

"Ke yarinya... dama kina jin Hausa haka?"

Khaulat ta sunkuyar da kai. "Ina ji, Hajiya. Maganar ce nake jin kunya, kar a yi mini dariya."

"Har abin da na faɗa a mota?"

Khaulat ta ƙara sunkuyar da kai. Hawaye ya ɗiga a kan ƙafar da take riƙe da ita.

"Kin ji na ce a sake ki, kika ba ni shayi? Kuma ga ƙafata a cinyarki?" Muryar Hajiya ta karye. "Kaicona! Ki yafe mini, 'yata."

"Ba ki yi mini komai ba, Hajiya. Tsoron rasa ɗanki kike yi, ni ma rasa shi nake tsoro."

Mimi, da ta rugo tun jin ƙarar, ta durƙusa tana share ido. "Anti, ni na jawo. Don Allah ki yafe mini, ba zan ƙara ba."

Umair ya dawo da faranti niƙi-niƙi da soyayyen kifi da shinkafa, ya tarar da su uku sun haɗa kai suna kuka suna dariya. Ya tsaya sororo.

"Lafiya? Me ya samu ƙafar?"

"Ƙaya ce, kuma 'yata ta cire," in ji Hajiya. "Babana, maganar da na yi ɗazu na janye. In ka kuskura ka ɓata mata rai, ni da kai ne!"

Suka shimfiɗa tabarma suka ci a faranti ɗaya. Hajiya na cire tsokar kifi tana turawa gaban Khaulat, tana tambayarta labarin iyayenta, ita kuma tana amsawa da Hausarta mai tsalle-tsalle, har la'asar ta yi sanyi ba su ankara ba.

Haka lamarin yake. Da Khaulat ta mayar da martani a mota, da ta yi nasarar gardama ta rasa uwa. Zuciyar da baƙar magana ba ta iya buɗewa, haƙuri da kyautatawa su suke buɗe ta. Kuma babba ya daure ya san mutum kafin ya yanke masa hukunci, don shirun wani ba rashin ji ba ne, tarbiyya ce.