Ranar Da Baƙi Suka Zo Challawa

"Baba, a cire hular nan. Babbar rigar ma a cire ta, ga wannan a saka!"

Muryar Hamida ce. Na ja na tsaya cak a bakin rumfar da muke awo, na'urar awon jini a hannuna.

Mahaifina ne zaune a kan benci, Malam Gwadabe, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kamfanin jimar fata a nan Challawa. Tun da safe ya sa aka goge masa farar shaddarsa ta Sallah, wai yau manyan baƙin surukinsa za su zo, ba zai ba shi kunya ba.

Abin da Hamida ke miƙa masa kuwa, tsohuwar rigar aiki ce ta wani, ta yage a kafaɗa, sai tashin warin ɗanyar fata take yi.

"Hamida, mene ne haka?"

"Hoto za a ɗauka, Radiyya," ta ce, ko kallona ba ta yi ba. "Wa zai taimake ka ya gan ka cikin shadda?"



Wata cibiyar bincike ce ta nan Kano ta haɗa hannu da wata jami'a ta ƙasar waje, suna nazarin hawan jini da ciwon suga da na ƙoda a tsakanin ma'aikatan Sharada da Challawa da Bompai. Su ke kawo tallafi da na'urori, mu kuma mu yi awo, mu ba da magani kyauta. Ni ma'aikaciyar jinya ce a aikin. Yanzu wa'adin tallafin ya zo ƙarshe, shi ne baƙin suka zo su gani da idonsu kafin a sabunta.

A nan na haɗu da Dakta Walid, shugaban aikin. Shi ya gano hawan jinin Baba tun bai taɓa masa ƙoda ba. Daga godiya aka koma gaisuwa, daga gaisuwa soyayya ta shiga, har manyansa suka kawo kayan na-gani-ina-so gidanmu a Panshekara. Mahaifiyarsa, Hajiya Bilkisu, ba ta so ba. Cewa ta yi ba za a kawo mata warin fata cikin gida ba. Hamida take so ya aura, 'yar ƙanwarta, wadda ke kula da harkar baƙi a ofishinmu.

Hamida ta san sarai ko mahaifin wa ta zaɓo.

"Ƙyale ta, 'yar nan," Baba ya ce a hankali. "In dai don maganin mutane ne."

Kafin in buɗe baki ya riga ya zura rigar.

Sai ga Walid da baƙin, Turawa biyu da wani Baƙar fata mai furfura. Walid ya yi kyau cikin kwat, yana ta bayani da Turanci yana murmushi.

Fuskar Baba ta washe. "Salamu alaikum, Likita!"

Walid ya kalle shi. Ya kalli rigar. Ya kalli Hamida. Sai ya kau da kai.

Baturiyar da ke jagorantar baƙin, wata dattijuwar likita, ta tambayi ko wane ne wannan bawan Allah.

"Ɗaya daga cikin marasa lafiyarmu ne," in ji Walid da Turanci. "Irin talakawan da ba su da kowa sai wannan aikin."

Ba su da kowa!

Mutumin da makon jiya ya durƙusa a zauren gidanmu yana cewa "Baba, a sa mana albarka"!

Ban san lokacin da na matsa gaba ba.

"Mahaifina ne," na ce da Turancin da kowa zai ji. "Kuma wannan ba rigarsa ba ce. Ga tasa can a ƙarƙashin tebur."



Dattijuwar ta sa mai hoton ya sauke kyamara. Ta ce su sakamakon awo suka zo dubawa, ba wasan kwaikwayo ba. Da kanta ta sunkuya ta ɗauko shaddar, ta kakkaɓe, ta miƙa wa Baba da hannu biyu.

Bayan sun wuce Walid ya tare ni a bayan motar asibiti.

"Radiyya... masoyiyata, kin san abin da kika yi kuwa?"

"Kar ka sake kira na da wannan sunan!"

"Haba, sanyin idona! Maganin ɗaruruwan mutane fa ake magana. In tallafin nan ya tsaya, har Baba sai ya rasa nasa."

"Au, yanzu ka tuna Baba ne?"

"Wallahi ban san Hamida shi za ta ɗauko ba."

"Na yarda. Da ka gan shi fa?"

Ya sunkuyar da kai. "Ki gane mana... Hamida na wurin. Duk abin da na faɗa kafin la'asar ya isa kunnen Hajiya. Ga baƙi, in na ce surukina ne sai su ce son kai ake yi a aikin..."

Na tsaya ina kallonsa. Turaren nan nasa da nake so, ranar sai na ji yana hawa mini kai. Na rufe hanci da mayafina na wuce.

A cikin Adaidaita muna komawa gida mun kusa Panshekara, sai Baba ya juyo ya dube ni.

"Rigar ba ta dame ni ba, Radiyya. Da irinta na ciyar da ku. Sallamar da na yi masa ce. Ko wanda ba ka sani ba ai kana amsa masa."

Hawayen da nake riƙewa suka zubo.

Ba a daɗe ba labari ya zo: an sabunta tallafin, har an ƙara da na'urar gwajin ƙoda. Sakamakon awon da muka tara ne ya gamsar da su. Ashe duk wulaƙancin nan ko buƙatarsa ba a yi ba. Hamida kuwa aka janye ta daga harkar baƙi, ta bi dangi tana cewa ni na so in rusa wa Walid aiki don baƙin ciki.

Ranar Asabar da hantsi ya faka motarsa a ƙofar gidanmu. Ya rame.

"Radiyya, ba na iya cin abinci. Ki yafe mini, don Allah. Ke ce rayuwata!"

"Na yafe maka, Walid."

Ya ɗago da sauri, idonsa ya kawo ruwa.

"Amma abu ɗaya nake so. Ranar Litinin akwai awo a Challawa. A gaban ma'aikatan kamfani, a gaban Hamida, ka durƙusa ka gai da Baba, ka ce wannan surukina ne."

Ya sosa ƙeya.

"Ba zai yiwu in shiga in ba shi haƙuri yanzu ba? Mu kaɗai? Kin san Hajiya har yanzu tana fushi... Ki ba ni lokaci kaɗan, zumata."

Ni kaina na yi mamakin yadda ban ji zafi ba. Wata irin ƙyama ce kawai ta lulluɓe ni, irin wadda kake ji in ka buɗe kwano mai kyau ka tarar abincin ya lalace.

Na zare zobensa na ɗora a kan motar.

"Kawu Tijjani zai mayar muku da kayanku gobe."

"Radiyya! Don Allah..."

"Aiki kuma zan ci gaba da zuwa, Dakta. Masu hawan jini ba su yi mini laifi ba. Na nemi a mayar da ni Bompai, an amince."

Na shige gida na turo ƙofa. Ya daɗe yana kiran sunana kafin na ji tashin motar.

A tsakar gida na durƙushe na yi kuka mai isata, don wallahi na so shi. Inna ba ta hana ni ba. Sai da na yi shiru don kaina ta zo ta zauna kusa da ni, ta goge mini fuska da bakin zaninta.

"Kin gama?"

"Na gama, Inna."

"To tashi ki wanke ido. Babanki na jiran ki ku ci abinci, ya ce ba zai sa hannu ba sai kin zo."