Gorar Baba Khuyen

Kwana uku da binne Baba Khuyen aka watso wa Lua kayanta cikin ruwan sama. Allah sarki! Yarinyar da ta shekara goma sha biyu a gefen mahaifinta tana fafe gora, ita ce yau a tsaye bakin ƙofa jiƙe sharkaf, Baffa Tuong, ƙanin mahaifin nata, yana nuna ta da yatsa gaban jama'a.

"Dami ashirin na gora ɗan'uwana ya tara, ina suke? Kin sayar da su tun yana kwance, ɓarauniya."

"Baffa, ban sayar da ko sili ɗaya ba."

"To ina suke?"

Hawaye suka shiga bin kumatunta... ni kuwa da nake maƙwabciyarsu na san Lua ba ta taɓa ɗaukar ko tsinken wani ba. Duk ƙauyenmu babu mai yin lofen shan taba na gora kamar Baba Khuyen. Idan aka zuba ruwa a cikin lofensa aka zuƙa, wani irin kuka yake yi garau, har daga gonar shinkafa a ji a ce na Khuyen ne. Wannan sunan Baffa Tuong yake kwaɗayi, shi ya sa ya ƙwace rumfar sana'ar mamacin, ya kuma hana Lua kunna wa ubanta turare a gidan kamar yadda muke wa mamatanmu.

Shekara guda ta yi tana dashen shinkafa a gonakin mutane, ƙafafunta duk sun tsattsage. Mata na ganinta su ɓoye kwandunansu. Kullum da yamma takan tsaya bakin kududdufin bayan gidansu tana kuka tana cewa, "Baba, ban karya alkawari ba." Shi ko gogan naka Baffa Tuong ya sare ɗanyar gora da damina, ya fafe, ya shafa mai tana ƙyalli, wai shi ne magajin gwani!

Ranar cikar shekara dangi suka taru cin abincin tunawa da mamaci. Baffa Tuong ya miƙa wa dattijon ƙauye, Tsoho Vinh, lofen da ya fi alfahari da shi. Tsoho ya cusa taba, ya kunna, ya zuƙa... sai ɓas! Gorar ta tsage, baƙin ruwan taba ya wanke masa farar rigarsa, ƙwari suka fito suna yawo a kan tabarma.

"Tuong, wannan lofe ne ko gidan ƙwari?" in ji tsoho.

Ana cikin haka Lua ta shigo, taɓo har ƙirjinta, tana jan damin gora. Ta durƙusa gaban hoton ubanta.

"Dami ashirin suna cikin kududdufi, Baffa. Baba ne ya sa na nutsa su cikin laka. Ya ce gorar da ba ta shekara a laka ba ƙwaro zai ci ta, kuma kada in faɗa wa kowa sai ta cika, don ya san za ka tono ta ɗanya."

Tsoho Vinh ya duba ƙullin igiyar, ya ce, "Wannan ɗaurin Khuyen ne."

Aka busar da sili ɗaya a saman murhu, bayan kwana bakwai Lua ta fafe shi a gaban kowa, ta miƙa wa tsoho. Ya zuƙa, lofe ya yi kukan nan garau da muka shekara ba mu ji ba. Wallahi har ni sai da na fashe da kuka.

Dangi suka karɓe makullin rumfa daga hannun Baffa Tuong, suka damƙa wa Lua. Yanzu ko shayi ya je sha a bakin hanya, babu mai miƙa masa lofe. Lua kuwa ta ɗora lofenta na farkon nan a gaban hoton ubanta, ta kunna turare da hannunta, ta ce, "Baba, na dawo gida."