'Yan Aike Uku Zuwa Gidan Gwaggo

A gaban allo Lubega ya fara ganin Nankya, a sashen lissafi na jami'arsu a Kampala, tana goge masa aikin da ya sha wuya a kai.

"Malam, saƙonka ya yi tsawo. Rabin abin da ka ƙara masa ma zai kamo kuskuren."

Bincikensu ɗaya: yadda saƙon waya zai gyara kansa in ya lalace a hanya. Haushin gyaran da ta yi masa ya ji, amma haushin bai kai yamma ba. Kafin su gama gano sabuwar dabararsu, har ya koma kiranta "Allona".

Da maganar aure ta taso, al'ada ta ce a tura mutum ɗaya wurin gwaggonta, Nansubuga. Shi kuwa gogan naka bai yarda da saƙon da ya bi hanya ɗaya ba. Abokai uku ya tura, kowa da ranarsa.

Na farkon, da aka tambaye shi dangin mahaifiyar ango, ya daburce ya ce Kifi, don a can sunan dabba kowane dangi ke ɗauka. Dangin Nankya ke nan, kuma ba a auren dangin uwa. Mahaifinta ya ce a bar maganar.

"Baba ya ce haramun ne. Ko abinci na kasa ci," ta rubuto masa.

"Allona, share hawayenki. Mamata 'yar dangin Biri ce. Saura biyu suna hanya."

Na biyu ya zo ya ce Biri. Na uku ma Biri. Gwaggo ta hau acaɓa har ƙauyen mahaifiyar Lubega ta ji da kunnenta, sannan ta sa aka kira shi.

"Kai ɗan nan, kasuwa ka mai da gidana? Wa ya taɓa turo mutum uku?"

Ya durƙusa. "Gwaggo, in ɗaya ya ɓata, biyu su gyara."

Ta harare shi, sai dariya ta ƙwace mata. "Tashi. Haukanka ya yi rana."

Nankya da ke laɓe bayan ƙofa ta sauke ajiyar zuciya.

Ranar biki, ana rabon dafaffiyar ayaba da miyar gyaɗa, ta raɗa masa, "Shekara biyu muna gajarta saƙo, ka koma maimaici?"

"A kanki ba na gwaji."

Mahaifinta ya haɗa hannayensu. "Allah ya ba ku zaman lafiya. In ɗayanku ya ɓata, ɗayan ya gyara."