Fiton Evaristo a Kwarin Gishiri

Duk direban jirgin ƙasa a layinmu yana da irin busar da matarsa ta sani. Ta marigayi Evaristo doguwa ce, sai gajeru biyu, kuma matarsa Delfina yake yi wa ita. Bayan ya mutu ne Nicanor ya aure ta. Mutum ne mai kirki, sai dai kishinsa bai bar ko na kabari ba.

Aikinmu jan tankunan iskar kabon ne, wadda ake kamawa a masana'antu a matse ta ta zama ruwa, mu kai tsofaffin rijiyoyin mai a ɗura a ƙasa. Ba ta da launi, ba ta da wari. Idan ta zubo, kwanciya take yi a kwari kamar ruwa, ta shaƙe duk mai numfashi. Shi ya sa dokarmu guda ce: kusa da tanki ba a zama, ba a durƙuso.

Ran nan da magariba jar fitila ta tsayar da mu a Kwarin Gishiri, ni da Nicanor. Iska ta ɗauke. Sai ƙarfe ke ƙas-ƙas yana hucewa.

Daga can baya muka ji fito. Doguwa, gajeru biyu.

"Bawul ne ke yoyo, ɗan'uwa," na ce. "Zauna mu kira ofis."

"Bawul ɗin uban wa ya iya wannan busar?"

Ya dira. Na leƙa ta taga ina kallonsa yana bin taragu, tsakuwa na ƙara a ƙafarsa. Tanki na ƙarshe ya yi fari fat da ƙanƙara. Farin hazo na malala ƙasa.

A cikin hazon wani na zaune, da tsohuwar hular direba. Ƙamshin shayin mate ya taso har inda nake.

"Nicanor," in ji muryar, ƙasa-ƙasa. "Zauna mana. Ana ƙin ƙoƙon mate a garinku?"

Ba a ƙi. Ko maƙiyi ya miƙo, karɓa ake yi.

Nicanor ya ƙyasta ashana don ya ga fuskar. Ya sauke ta daidai gwiwa.

Wutar ta mutu.

"Zauna in gaya maka abin da Delfina ta ce mini ranar ƙarshe."

Gwiwoyinsa suka fara lanƙwasa.

"Matso kusa. Raɗa ce."

Ya ƙara sunkuyawa. Hazon ya kai masa ƙirji.

Na rasa dabara. Sai na kama igiyar usur na ja. Doguwa. Gajeru biyu.

Nicanor ya miƙe zumbur.

"Wane ɗan iska ne kuma wannan!"

Ya taho a guje yana layi, yana tari, ya hau ya shaƙe ni. Wuyana ya yi mako yana ciwo, amma da rai muka bar kwarin. Masu gyara sun tarar da bawul a buɗe, da ƙoƙon mate a ƙasa, ruwan ciki ya daskare.

Yanzu Nicanor ko a gida a tsaye yake shan mate. Bai taɓa gode mini ba. Duk sanda muka ratsa Kwarin Gishiri sai ya harare ni ya ce:

"Da ka bari kaɗan, da na ji abin da ta ce masa."