Kujerar Baƙo

Saura kaɗan in bar wannan labari ya mutu a cikina. Ni ba mai yawan magana ba ce, lakol ma a aji huɗu na tsaya, kuma akwai hannuna a ciki. Amma har yau ina jin masu cewa ciwo ne kawai ya shiga gidan kawuna Tanimu. Shi ya sa na ɗauki biro.

Kawu Tanimu haya yake bayarwa a Agiye: fararen kujerun roba, rumfuna biyu da tabarmi, na biki da suna da zaman makoki. Shekara tara yana ɗora kujeru a amalanke yana saukewa. Bayansa ya gaji, sana'ar ba ta mutu ba, ba ta kuma yi gaba ba. In babban biki ya tashi, masu motoci ake kira daga Maradi, su kafa rumfa a unguwarsa yana kallo.

Sai aka haɗa shi da Marwa, wata mai buro, wato ofis, a Maradi da ke gina wa 'yan kasuwa shafin intanet. Ta ce za a sa kayansa da lambar wayarsa da garuruwan da yake kaiwa, mutumin Gazawa ko Cadakori ya gani ya kira. Suka tsaida ranar buɗewa kafin kaka, lokacin da hatsi ke shiga rumbu aure ya tashi. Ta gama komai, hotuna kaɗai suka rage.

A nan zuciya ta fara yi masa saƙa. Shafi kowa na iya yi. Na Maradi ma suna da nasu, ga motoci. Me zai sa a kira mai amalanke?

Wata Talata ya ɗaure kujera guda a bayan babur, kamar yadda wani abokin hira ya ce masa ya yi, ya nufi dajin da ke bayan Gidan Sori, inda babu wanda ya san shi. Rana na tsaka ya isa. Bukkar boka Chindo tana gindin wata tsamiya da ta bushe gefe guda. Tukwane bakwai a kife a bakin ƙofa, gashin kaji ya manne musu da tsohon jini. A ciki ƙahonin raguna na rataye, an naɗe su da jan ƙyalle, ga ƙwarya cike da wuri. Ko tsuntsu ba ya kuka a wurin.

"Mai kujeru," in ji bokan, tun Tanimu bai faɗi sunansa ba. "Kana zaunar da mutane, kai kana tsaye."

"Na gaji ne, Baba. So nake duk wanda ya buɗe shafin nan kada ya kira kowa sai ni."

"Wannan ƙaramin aiki ne."

"Amma ban da jinina. Ban da na gidana."

Bokan ya yi murmushi, babu haƙori ko ɗaya a bakinsa. "Wa ya yi maganar jini? Baƙo gare ni, shi ma ya gaji da tsayuwa. Wurin zama yake so. Ka ba shi kujera ɗaya."

Ya yanka baƙar kaza a kan kujerar, jinin ya bi ƙafafunta huɗu ya sauka. Ya rufe ta da jan ƙyallen, ya sunkuya yana magana ƙasa-ƙasa. Can sai kujerar ta yi ƙara, ƙafafunta suka ɗan buɗe, yadda roba ke yi in ƙato ya zauna. Da ya yaye ƙyallen, fara ce fes, babu ko ɗigo.

"Kada ka yi mata alama. Ta fito a hoton da zai hau kan shafin, don duk wanda ya kalla, shi ma baƙon yana kallonsa. Kuma kowace haya a tafi da ita."

"In wani ya zauna a kai fa?"

"Kai ka taɓa zama a cinyar baƙo?" Bokan ya goge wuƙarsa. "Taro ne fa. Kullum ana mutuwa. Wa ke tambayar inda mamaci ya taɓa zama?"

Tanimu ya dubi kujerar. Ya tuna fuskokin da yake gani a gidajen biki, waɗanda bai san sunansu ba. Ya ɗauki kujerar. Ta fi yadda ya kawo ta nauyi.

Ya ɓoye ta a bayan buhuna a ɗakin ajiya. Nufinsa ranar hoto ya ajiye ta da hannunsa a gefe, babu kowa a kai.

Ranar ta zo, Marwa ta kira da safe. "Malam Tanimu, hotunan da ka turo jiya kamar gidan da aka watse. Kujera babu mutum ba ta jan kowa. Ka zaunar da mutane, su yi dariya. Yau nake so, gobe mu buɗe."

Ya fita neman igiyar rumfa. Ni kuwa ina wanke kujeru a tsakar gida, na shiga ɗakin ajiya neman bokiti, na ga guda ta yi ƙura a bayan buhu. Na fito da ita, na wanke, na jera cikin 'yan uwanta.

Da ya dawo ya leƙa ɗakin, ya fito a hankali.

"Hamdiya, wa ya taɓa kujerar da ke ciki?"

"Ni ce, Kawu. Na wanke ta."

"Wacce ce?"

Na dubi kujeru goma sha biyu, duk farare, duk a jiƙe. Ban sani ba. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana ɗagawa, yana auna nauyi a hannu. Da a nan ya ce a fasa, da yanzu ba ni da abin rubutawa. Amma waya na ta ruri a aljihunsa, kuma kaka ba ta jiran kowa. Ya jawo guda ya ajiye a gefe, ya ce wa zuciyarsa ita ce.

Aka zaunar da Inna Laraba mahaifiyarsa, da matarsa Dija, da 'yarsu Saudatu, da ƙanensa Ilyasu. Ni na ƙi shiga don kunya, aka ba ni wayar.

"Yaya, ni fa a sa ni a tsakiya," in ji Ilyasu. "Fuskata ce za ta kawo maka 'yan mata."

"Da wannan hancin?" in ji Dija. "Sai dai masu zaman makoki."

Inna ta ce rana na dukan idonta, suka yi musanya da Saudatu. Da aka tura wa Marwa hoton ta ce babu haske, a sake. Aka sake sau shida, kowane karo ana canza wuri. Kawu na tsaye a bayana.

Washegari aka buɗe shafin. Kafin la'asar waya ta yi zafi. Gazawa, Cadakori, har cikin Maradi. Cikin wata uku ya sayi mota, kujeru suka kai ɗari shida, aka fara ce masa Alhaji tun bai je ba. Abin da ya lura, bai faɗa wa kowa ba: duk gidan da ya kai kaya don biki, ba a daɗewa wani daga taron ke kiransa ya kawo na makoki.

Ilyasu ne ya fara. Ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, kamar an zauna a kai. Kwana uku aka yi, ya rasu. Inna ta bi shi kafin a yi sadakar arba'in. Da Saudatu ta ce, "Baba, wani ya danne ni," an kai ta likita, ba a ga komai ba. Sau uku Tanimu ya kafa rumfarsa a ƙofar gidansa, ya jera kujerunsa, mutane suka zauna suna yi masa ta'aziyya, shi kuwa yana kallon ƙafafun kujerun.

Dija ba ta mutu ba. Zama ta daina. A tsaye take ci, a jingine da bango take barci, ƙafafunta sun kumbura. In baƙo ya jawo kujera sai ta riƙe masa riga ta ce, "Bawan Allah, da mutum a kai."

Kawu ya koma wurin bokan.

"Ka ce ban da gidana."

"Kai ka ce. Ni ban zaunar da kowa ba. Kawo kujerar in sallame shi."

"Ban san wacce ba ce."

"To, ni ma ban sani ba."

Ya sa Marwa ta rufe shafin. Ta rufe, amma ta ce hoton ya riga ya bi wayoyin mutane, ba ta da ikon kwaso shi. Sai ya tattaro kujerun duka a fili bayan gari, ya zuba musu fetur. Baƙin hayaƙi ya wuni yana tashi. Ya manta baƙon da aka ƙone wa wurin zama dole ya nemi wani.

Tun ranar Kawu bai sake miƙewa ba. Yana zaune a ƙasa a zaure, ƙafafu a miƙe, yana nishi, yana cewa a ɗaga masa wanda ya zauna a kansa. Wata rana da la'asar hankalinsa ya ɗan dawo, ya kira ni ya faɗa mini duk wannan. Ya ce ba laifina ba ne.

Kai mai neman arziki ta ƙofar boka, kada ka ruɗi kanka cewa wasu can ne za su biya. Randa ka yarda a ci ɗan wani, ranar ka sayar da naka. Gajiyar halak tana ƙarewa da barci, wannan kuwa ba ta da wurin hutu, nan da lahira.

Da gari ya waye na kai masa kunu, na ɗaure kayan Dija a zani, na nemi amalanken da zai kai mu ƙauyensu. Mai amalanken ya shimfiɗa mata buhu, ta ƙi. A tsaye ta tafi, ni ina riƙe da ƙugunta kada ta faɗi, har muka isa.