Kujerar Da Aka Matso Gaba

Ranar da Fiyus ya fara ganinta, rabin jikinsa na ƙarƙashin sitiyarin wata mota, ƙafafunsa a waje. Takalmanta ya fara gani, sannan ya ji sallama, ana tambaya ko shi ne mai sa wa mota intanet. Ya yunƙura zai fito, hannunsa ya dafe hon. Ta rufe baki da mayafi tana dariya.

Aikinsa gyaran wutar mota ne, kuma aljihunsa ba ya rabo da fiyus masu launi-launi, shi ya sa sunan ya bi shi. Ita kuwa Auta ce a gidansu. Mahaifinta, Baba Direba, shekara goma sha tara yana jigilar fasinja da mota guda, kuma ita ta lallashe shi ya zo, domin fasinjan yanzu sun fi son motar da za su yi hira da duniya suna tafe.

Fiyus ya fito da wani ɗan akwati kamar sabulun wanka, mai fitilu uku da ke ƙiftawa kamar idon kyanwa. Ya zura masa layin waya, ya kafa masa siririyar eriya a rufin mota. Abin mamaki ba ya ƙarewa: magana ta taso daga wata uwa duniya, ta bi iska, ta sami mota tana gudu, ta shiga ba ta buɗe ƙofa ba. Baba Direba ya zagaya eriyar sau biyu, ya ce shi dai kada a taɓa masa lafiyar mota. Fiyus ya tabbatar masa da makulli ya haɗa wayar, in an kashe mota akwatin ma ya yi barci.

Ya rubuta wa Auta lambar sirrin a takarda. A ƙasa ya ƙara lambar wayarsa, wai ko abin zai ba da matsala.

Bayan kwana biyu saƙo ya shigo: “Injiniya, abin bai ba da matsala ba. Na ce dai in sanar da kai.”

Ya karanta ya kai sau goma kafin ya amsa: “Madalla. Ki riƙa sanar da ni kullum, don Allah.”

Gidansu a kwari yake, sabis ba ya shiga ɗakuna, amma kullum da yamma saƙonninta sai su zubo. Ya sa mata suna Fitilata, ita tana ce masa Injiniyana. Cikin wata biyu ya tura kawunsa neman izini.

Kawun ya dawo ba walwala. Baba Direba ya ce tun da aka sa akwatin nan, kowace safiya sai maƙwabta sun tura masa mota. Ya sake batir, bai hana ba. Mai Batir na bakin titi, wanda shi ma ya daɗe yana kai gaisuwa gidan, ya rantse masa haɗin wayar ne na 'yan koyo. Wanda ya kasa riƙe amanar mota, in ji Baba, ba za a ba shi ta mutum ba.

Fiyus ya rasa abin da ke masa daɗi. Ya san hannunsa, ya san bai yi kuskure ba. Auta kuma ta yi tsit kwana uku, har ya fara zargin ko ta koma wa Mai Batir ne. Rana ta huɗu Baba ya aiko ya zo ya cire kayansa.

Ya tarar da motar a rumfar gida, Baba a tsaye, Mai Batir a gefensa yana ta bayani da hannuwa. Fiyus ya gaishe su, ya buɗe ƙofar direba zai durƙusa, sai ya ga wurin ya yi masa kaɗan. An matso da kujerar gaba sosai, daidai gajerun ƙafafu. Madubi ya sunkuyo. Maɓallin fanka na kan lamba uku.

Nan take ya gane. Baba na dawowa ya kishingiɗa, ita kuma ta ɗauki makulli ta murɗa rabi, ba ta ta da inji ba, ta zauna awa biyu da fanka tana rubuta masa “Injiniyana”. Hirarsu ce ke shanye batirin. Shirunta kuwa kunya ce, ba Mai Batir ba: har yanzu tana shiga motar ta karanta saƙonninsa, ta kasa amsawa.

Kalma ɗaya za ta wanke shi, amma a gaban baƙo za ta kunyata ta. Ya sa hannu a hankali ya mayar da kujerar baya, ya ce, “Baba, a yi haƙuri. Zan cire, kuma zan sake duba aikina.”

“Baba, kada ya cire.” Auta ce daga bakin ƙofa, idonta a ƙasa. “Ni ce nake zama a ciki. A nan kaɗai sabis yake kamawa.”

Mai Batir ya tuna ya bar shago a buɗe.

Baba Direba ya daɗe yana kallon kujerar. Ya ce shekaranjiya gwiwarsa ta bugi sitiyari, ya ɗauka tsufa ne ya ƙara masa tsawo, sai jiya ya fahimta. Ya kira Fiyus ne don ya ji me zai faɗa.

“Na ga hannunka lokacin da ka mayar da ita, yaro,” ya ce. “Ka ce wa kawunka ya dawo. Ke kuma, uwata, maƙwabta na bin ki turin mota na wata biyu.”

Daga cikin gida aka ji mahaifiyarta ta fashe da dariya.

Kafin biki Fiyus ya ja wata eriya har ɗakin surukarsa don sabis ya shiga gida, ya kuma koya wa Auta ta da inji. Ranar ɗaurin aure Baba da kansa ya tuƙa motar amarya, motar ta tashi bugu ɗaya, maƙwabtan da suka saba turi suka bi ta da tafi da addu'ar zaman lafiya da zuriya mai albarka.

Suna hanya wayar ango ta yi ƙara a motar baya.

“Injiniyana, abin bai ba da matsala ba.”

Ya yi murmushi ya rubuta: “Allah ya sa haka har tsufanmu, Fitilata.”