Hannun Baba a Cikin Ƙanƙara

Auta na tsakiyar ba 'yan aji labarin sanyi, sai ga hannu ya fito daga cikin dusar ƙanƙara.

Siririn hannu ne mai rawa, riƙe da kofin roba. Kowa ya gan shi a fuskar wayarsa, ya ratso ta tsakiyar farar tagar da ke bayanta, ya taɓa mata kafaɗa.

"Auta... ruwa..."

Malamar ajin ta yi dariya. "Wa muka samu a bayanki?"

Auta ta dubi ɗan akwatin allon da fuskar wani ɗan ajin, Mai Taswira, take ciki, ta ga yana mata murmushin nan nasa. Bakinta ya riga hankalinta.

"Wani tsoho ne... mai gidan da nake haya. Ba shi da lafiya, nake ɗan taimaka masa."

"Ikon Allah," in ji wata 'yar ajin da ake kira Jan Baki, tana gyara ɗankwali. "Har mai gidan hayar ma yarenmu yake ji?"

"Ɗan ƙasarmu ne, ya dai daɗe a nan."

Hannun ya tsaya cak. Sannan ya koma cikin ƙanƙarar a hankali, da kofinsa babu ruwa.

To, 'yan mata, ku gyara zama ku ji tushen abin. Babu wata ƙanƙara. Hoton bango ne, irin wanda ake mannawa a kwamfuta ya ɓoye duk abin da ke bayan mutum. Abin da ya ɓoye kuwa gadon ƙarfe ne, da kwandon magunguna, da mahaifin Auta da ɓarin jikinsa ya shanye.

Da gaske ta samu gurbin karatu a waje. Ta ɗinka rigunan sanyi, ta yi wa kowa sallama, akwati ma ta ɗaure. Ana gab da tafiya Baba ya faɗi a banɗaki. Uwarta ta daɗe da rasuwa, yayyenta kowa da gidansa da uzurinsa. Auta ta tura akwatin ƙarƙashin gado ta zauna jinya.

Don kada baƙin ciki ya kashe ta ne ta shiga ajin yanar gizo na ranar Asabar. Malama takan gayyato baƙo daga wata ƙasa kai tsaye, ya zaga da kyamara ya nuna musu kasuwarsu da kicin ɗinsu da yadda suke gaida surukai, ita tana fassarawa. Yawancin 'yan ajin 'yan gari ne da tafiya ta gagara. Ranar farko aka tambayi kowa inda yake zaune. Auta ta ga hoton tagar ya yi mata kyau, ta ce tana waje tana karatu. Ta ɗauka ƙaryar yini ɗaya ce.

Sai Mai Taswira ya shigo cikin lamarin.

Malamin makaranta ne, labarin ƙasa yake koyarwa. Bangon bayansa na gaske ne, fentinsa ya ɓare, da tsohuwar taswirar duniya manne. Da bakinsa ya ce filin jirgi ma rakiya kawai ta taɓa kai shi. Daga tambaya a aji aka koma kira bayan aji.

"Farin wata, yaya ƙanƙara take ƙara in an taka ta?"

"Kamar kana taka garin sitaci... kuma gashin hancinka daskarewa yake yi."

Ina ta san wannan? A bakin Baba. A ƙuruciyarsa kuku ne a jirgin ruwa, ya ga ƙanƙara da idonsa. Labaransa take ɗiba tana yi wa saurayi ado da su. Shi kuwa tsohon duk Asabar sai ya sa an tayar da shi an jingina shi da matashi, yana sauraron baƙin ajin daga bayanta, idonsa na ƙyalli.

Da aka tashi ajin ranar, ta ɗebo ruwan da sauri ta durƙusa gaban gado.

"Baba, ga ruwan."

Ya sha. Ya goge gefen bakinsa da hannun mai lafiya.

"Na gode, 'yar haya."

Bai yi faɗa ba. Ina ma ya yi. Daga ranar, in ta juya shi a gado, "sannu 'yar haya." In ta yanke masa farce, "Allah ya saka, 'yar haya." Asabar ta zagayo ya ce a bar shi a kwance, barci yake ji. Ta zauna gaban tagarta ta ƙarya tana jin numfashinsa, ta san idonsa biyu.

Gwaggo, ƙanwar Baba, da ta ji labari sai ta tafa hannu.

"Dama na faɗa. Saurayin cikin akwati. Mutumin da ba ki taɓa ganin ƙafafunsa ba, saboda shi kika sayar da ubanki?"

"Gwaggo, don Allah..."

"Ni dai ba da yawuna ba. Wa ya sani ma ko wando gare shi a ƙasan teburin?"

Can ɓangaren saurayin ma wuta ce. Ya kira ta da yamma.

"Mama ta ce ba za ta ba 'yar waje ɗanta ba, wai in na tafi sai dai ta riƙa ganina a waya. Na ce ta yi haƙuri. Farin wata, zan ajiye aiki ƙarshen zangon nan. Ko wanke-wanke ne zan yi a can, in dai kusa da ke ne."

"Kada ka ajiye."

"Ba kya so in zo?"

Ta kashe wayar ta kifa kai a gwiwa.

Ana haka ta je kantin magani sayo wa Baba na hawan jini. Tana miƙa hannu ta ji ƙamshin turare mai hawa kai.

"A'a, 'yar waje. Yaushe aka sauka, ko ƙanƙarar ce ta narke?"

Jan Baki ce, ido da ido. Ta daɗe tana yi wa Mai Taswira kwalliyar Asabar, bai taɓa lura ba. Ta ɗaga waya ta ɗauki Auta hoto da ledar magani a hannu.

"Ki fita daga ajin, ki fita harkarsa, in goge. In na ga fuskarki ranar Asabar, kowa zai ga wannan."

Auta ta dawo gida tana tunani. Fita daga ajin abu ne mai sauƙi. Amma da ta fita, shi ke nan, Baba ya tabbata mai gidan haya a idon mutanen nan har abada.

Ranar Asabar ta tayar da shi ta jingina, yana cewa a bar shi, ta ƙi. Ta sa masa hularsa. Baƙon ranar bai fara ba ta ɗaga hannu.

"Malama, ina da ƙasar da zan nuna."

Ta danna. Tagar ta ɓace.

Ga gadon ƙarfe, ga kwandon magunguna, ga bakin akwati yana leƙowa daga ƙarƙashi.

"Ban taɓa zuwa ko'ina ba. Nan ne ɗakin da nake. Wannan kuma..." ta dafa kafaɗar Baba. "Wannan babana ne. Shi ya haife ni. Duk labarin ƙanƙarar da na ba ku nasa ne, shi ya taka ta, ba ni ba."

Jan Baki ta ajiye wayarta, hoton ya tashi a banza. Auta ta nemi akwatin Mai Taswira. Ya dube ta, ya dubi tsohon, fuskarsa ta ɓace daga allon.

Ta kira, bai ɗauka ba. Ta sake kira, a kashe. Baba kuwa ya daina cewa 'yar haya, ya kuma ƙi cewa Auta.

Sai da mako ya kusa zagayowa aka yi sallama da la'asar. Gwaggo ta leƙa, ta dawo tana rufe baki.

"Da ƙafafunsa. Dogaye ma."

Ya shigo da taswira a naɗe a hammata. Ko kallon Auta bai yi ba, ya durƙusa ya gaida Baba. Sai da ta raka shi tsakar gida ya yi magana.

"Kin san har ƙofar ofishin shugaban makaranta na kai da takardar ajiye aiki?"

"Na sani ban kyauta ba..."

"Ni da na nuna miki ɓararren bangona tun ranar farko, me kika ɗauka zan raina?"

"Kunya na ji."

"Kunyar jinyar uba?" Ya girgiza kai. "Na yi fushi, har yanzu ma da saura. Amma Mama da na ba ta labari cewa ta yi, wadda ta fasa hawa jirgi don ubanta, in je in kawo mata ita kafin wani ya riga ni."

Auta na kuka tana dariya, majina da hawaye, ba kyan gani.

Ya koma ciki ya manna taswirar a bangon gadon. Baba ya ɗaga hannun nan mai rawa ya ɗora yatsa a kan wani bakin teku. Ranar har magariba yana ba da labari, malamin makaranta na zaune a ƙasa kamar ɗan aji ɗaya.

Ran da manya suka zo neman aure, Auta ta laɓe bayan labule. Kawun saurayin ya gyara murya ya ce sun zo neman 'yar gidan nan.

Baba ya ƙura wa taswirar ido. Ya daɗe. Gwaggo har ta fara zungurar katifa.

"Wacce?" ya ce da karkataccen bakinsa. "Da ina da 'yar haya, amma ta tashi."

Ya juya kai wajen labulen.

"Auta, fito. Na ga ƙafarki."